Golf GTI ta hannu nake so, Kawu ya ce Corolla ko a fasa: ku ba ni shawara

Ɗan Rusaifa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni sukuni kusan mako biyu. Ina aiki a wani shagon kayan lantarki a nan Jidda, shekara huɗu ina ƙulle ciki ina tari, yanzu ina da riyal 60,000. Na ga wata Golf GTI 'yar 2017 a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, fara, mai giyar DSG mai canja kanta, ta yi kilomita 138,000, mai ita ya tsaya a kan 52,000. Na je na gan ta, ya ba ni na zaga da ita. Wallahi da na taka totur sai da bayana ya manne da kujera. Ni da na saba da Accent ɗin wurin aiki, sai na ji kamar yau na fara tuƙi.

To Kawuna, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya ce ba da yawunsa ba. Wai Golf ai motar haya ce, wadda ake danna mata mutum shida da buhunan masara daga Kano zuwa Katsina, in kuɗin ya dame ni in sayi Corolla. Duk daren Juma'a ina zuwa Makka gaida Umma, wani lokaci in kai ta Madina, kuma an sa ranar aurena bayan Babbar Salla. Wanda ya taɓa riƙe irin motar nan a ƙasar nan ya faɗa min gaskiya: tana jure zafin nan? Gyaranta fa? In na tashi sayarwa zan sami mai saye?

Abu Walid:
Wa alaikumus salam. Aure bayan Salla, kuma GTI? Ango, zaɓi amarya ɗaya tukuna, biyu a shekara guda sai mai ƙarfi.

Usta na Sina'iyya:
Ƙanena, shekarata goma sha tara ina kwance ƙarƙashin motoci a Jidda, bari in yi maka bayani a tsanake. Da farko ka gaya wa Kawu cikin ladabi cewa Golf ɗin da ya sani a tashar Kano da wannan suna kawai suka haɗa. GTI tun 1976 Volkswagen ke yin ta, wadda ka gani kuwa zubi na bakwai ce, inji mai lita 2 da turbo, ƙarfin doki 220 zuwa 230 gwargwadon wadda aka kawo. Tana kai gudun 100 cikin daƙiƙa shida da 'yan kai. Wannan shi ne abin da ya manna ka da kujera.

Zafin Jidda ba ya kashe ta in dai 'yar Khaliji ce, wato wadda aka ƙera don ƙasashen yankin Gulf, kuma ana kula da ruwanta. Abin da ke kashe irin motocin nan shi ne hannun da suka fito. Wanda ya sayi Corolla yawanci magidanci ne mai kai yara makaranta. Wanda ya sayi GTI kuwa ba don ya lallaɓa ya saye ta ba. Saboda haka kilomita 138,000 a jikinta ba ɗaya ba ne da 138,000 a jikin Corolla.

Giyar DSG ɗin nan kuloci biyu ne a ciki, ɗaya na riƙe da giya ta 1, 3, 5, ɗayan ta 2, 4, 6. Kana cikin wata giyar, ta gaba ta riga ta shirya, shi ya sa take canjawa kamar ƙiftawar ido. Mai giya shida kulocinta a cikin mai suke wanka, kuma ƙa'ida a canja man da matatarsa duk kilomita 60,000. Ke nan wannan motar ya kamata a ce an yi mata sau biyu. Ka ce ya nuna maka rasit. In ya ce “ai wani yaro ne ya yi min a gareji, ban karɓi takarda ba”, ka ɗauka ba a yi ba. Sa'annan ka gwada ta a cikin cunkoso, ba a miƙaƙƙen titi ba. Ka bar ta ta yi zafi, ka riƙa sakin birki tana jan jiki a hankali. In tana karkarwa ko tana zabura daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu, akwai magana.

Wuri na biyu da muke fara leƙawa a wannan injin shi ne famfon ruwa da gidan tamostat, domin na roba ne, kuma da shekaru yakan fara tsatsafo. Ka duba tulun ruwa ko ya yi ƙasa, ka nemi busasshen tabo mai ruwan hoda a gefen inji. Ba mutuwar mota ba ce, amma aiki ne da ake kwance abubuwa kafin a kai gare shi, kuɗin hannu ya fi na kayan ciwo.

Na uku, kuma shi ne babba a wurina: barmaja. Samari da yawa suna kai ta a taɓa kwamfutar injin don a ƙara mata ƙarfi, in za su sayar su mayar da ita yadda take su yi shiru. Ka leƙa salansa da bututun shan iska, in ka ga alamar an taɓa kwance ƙusoshinsu ko an sa wanda ba na kamfani ba, ka san an yi wasa da ita. Kada ka yarda da wurin binciken da mai motar ya zaɓa. Kai ka zaɓa, kai ka biya, a ɗaga ta sama, a sa mata kwamfuta.

Abu Hanan:
Duk abin da Usta ya faɗa haka yake. Ni na riƙe irinta shekara uku, 'yar 2015, kuma har yau in na ga ja-jan layin nan na gabanta a titi sai na waiwaya. Ranar da na fara hawa hanyar dutsen Hada da ita zuwa Ɗa'if, da asuba kafin motoci su yi yawa, na gane abin da ake faɗa. Kwanar da babbar mota ke tangaɗi, ita kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Ga sauƙin ajiyewa. A Balad, tsohon garin Jidda, inda mai Camry zai zaga sau uku, ni na riga na shige.

Amma ka tambayi kanka ina za ka yi gudun. Kyamarorin Saher masu kama masu gudu na nan a kowace kusurwa. Hanyar Makka zuwa Madina iyakarta 140 a wasu wurare, kuma Corolla ma tana yin 140 ba tare da ta yi gumi ba. Matsalar GTI ita ce a 150 ji kake kamar kana 100, ba ƙara, ba girgiza, sai dai wayarka ta yi ƙara saƙon tara ya shigo. A watannin farko abin da na biya na tarar karya dokar hanya ya fi abin da na kashe a mai, kuma ba laifin kowa ba ne sai ƙafata. Kada ma wani aboki ya zuga ka ku je fili a yi tafhiɗ, wasan nan na wujijjiga mota. Karo na farko tarar riyal 20,000 ce da tsare mota, kai kuma da iƙama kake zaune a ƙasar mutane.

Fetur 95 take sha, jan famfo. Kada ka saurari masu cewa 91 ma ya yi. Bambancin kuɗin ma ba wani abu ba ne: tun 2021 litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, 95 kuma 2.33, tankin lita 50 ke nan riyal bakwai da rabi ka ƙara. Inda za ka ji a jikinka shi ne taya da inshora. Tayar 225/40 mai rim 18 siririya ce, rami ɗaya bayan ruwan sama ya isa ya kumbura mata gefe. Inshorar shamil kuma, wato cikakkiyar inshora, ga saurayi mai irin wannan mota, ka nemi farashi tun kafin ka biya kuɗin motar, kada ka sha mamaki daga baya.

Na sayar da ita ne da muka sami 'yarmu ta biyu. Wata biyu da rabi tana Haraj. Masu kira da yawa, amma yara ne masu son su zo su taka su tafi.

Hajiya Ummu Sadik:
Ɗana, ni ban san inji ba, amma tun da aka ba mata lasisi a 2018 nake tuƙi, kuma ni nake kai mahaifiyata asibiti. Ka ce kana kai Umma Madina. Daga Makka tafiyar ta haura kilomita 400. Ka taɓa tunanin gwiwarta? Ɗan ƙanwata na da irin ƙananan motocin nan masu gudu, sau ɗaya ya ɗauke ni zuwa filin jirgi, duk tudun rage gudu da muka hau sai na ji shi a ƙugu. Ga ta a ƙasa, shiga da sauƙi, fita sai an kamo hannunka. Kafin ka biya, ka roƙi mai motar ya bari ka zaunar da wani babba a kujerar baya ku zaga unguwa. Kuma amaryar an tambaye ta?

Ɗan Rusaifa:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, wallahi ban kawo maganar gwiwar Umma a raina ba. Amarya kam ta ce duk wadda na saya ta yi, in dai esi na aiki.

Abu Walid:
Haka suke cewa kafin a ɗaura.

Mai Veloster:
Ni ban yarda da yadda ake tsorata yaron nan ba. Kowa Corolla, kowa Camry, kowa Elantra, kamar an yi mana wahayi. But ɗin Golf lita 380 ne, in ka kwantar da kujerun baya har injin wanki ƙarami zai shiga, abin da mai Corolla ba zai iya ba saboda bakin but ɗinsa. Ƙofa huɗu gare ta kamar kowace mota. Ni da nake jan Veloster mai ƙofa uku ma ina kai iyalina Abhur bakin teku duk mako. In kuɗin gyaran 'yar Jamus ne abin tsoro, ya duba Veloster mai turbo, inji lita 1.6, ba ta kai GTI ƙarfi ba amma kayan Hyundai ko'ina akwai su, har tashlihin Biriman, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu. Mutum ya yi shekara huɗu yana tari, a bar shi ya ji daɗin guminsa mana.

Usta na Sina'iyya:
Ba wanda ya hana shi, Malam. Lissafi nake so ya yi. Yana da 60,000, mota 52,000. Cikin 8,000 da suka rage zai biya canjin suna, inshora, binciken kwamfuta, sa'annan duk motar hannu da ka saya sai ka zubar da mayukanta ka sa sababbi, ka canja filogi, wataƙila taya huɗu. Baƙin man ma ba kowanne take karɓa ba, sai mai lambar amincewar VW 502 ko 504, kusan lita shida. Kafin ya kai ta Makka sau uku kuɗin sun ƙare, ga lefe a gaba. Wanda zai riƙe irin wannan mota ina so a ce yana da aƙalla 10,000 a gefe da ba ya taɓawa. Maganar tashlih kuma gaskiyarka, ta Koriya da ta Japan sun cika shi. Na Golf sai ka yi yawo, wani abin sai an yi oda ka jira mota na ajiye.

Baba Alhaji na Shari' Mansur:
Yaro, na karanta duka. Shekarata arba'in da ɗaya a Makka, na ga samarinmu da yawa da mota. Ba zan ce maka Golf ba ta da kyau ba, masu sani sun yi magana. Amma kawunka ba injin yake kallo ba, kai yake kallo, da hanyar Jidda zuwa Makka da daddare bayan ka wuni a tsaye a shago. Bai iya faɗa maka haka ba ne ya fake da motar haya. Kada ka je ka sayo ka ajiye masa a ƙofar gida. Ka ɗauke shi ku je wurin binciken tare, ya ji daga bakin bakanike. In ta fito lafiya ya sa albarka, in ba ta fito ba ka huta ba tare da kun ɓata ba.

Kuma kada ka ba da ko riyal ɗaya na kafin alƙalami sai ka ciro rahoton tarihin mota na Mojaz ka ga mutum nawa suka riƙe ta da haɗarin da aka rubuta mata. Istimara da fahas, wato takardar rajistar mota da ta binciken lafiyarta, su kasance da rai, canjin suna a yi shi ta Absher, manhajar gwamnati, kuɗi su bi ta hanyar da ke da shaida. Jidda gari ne da ya sha ambaliya, ta 2009 har yau ana tunawa, ta Nuwamban 2022 ma ta ci motoci da dama. Ka ɗaga kafet ka sansana.

Ɗan Rusaifa:
Na dawo da labari. Jiya bayan La'asar muka je da Kawu, kamar yadda Baba Alhaji ya ce. Mojaz ya nuna ni zan zama na huɗu a kanta, alhali mai ita ya ce min shi ne na biyu. Haɗari ɗaya ne a rubuce, bamban baya, wannan bai dame ni ba. Kafet lafiya. Amma rasit ɗin man giya guda ɗaya ya kawo, na kilomita 61,000, kuma da aka ɗaga ta bakaniken ya nuna mana bututun salansa daga bayan turbo ba na kamfani ba ne. Da aka matsa masa sai ya ce wanda ya sayar masa ne ya yi barmaja, shi bai taɓa komai ba. Nan take ya sauko 46,000.

Abin mamaki, Kawu ne ya ce a ba shi ya ja ta daga wurin binciken zuwa gidan mai. Da ya fito bai ce komai ba sai “ashe ba irin ta tasha ba ce”. Amma ya ce wannan dai a bar ta, in nemi wadda ba a taɓa ba ko da zan ƙara wata shida ina tari. Usta, 46,000 ɗin nan fa tana min yawo a kai. In na kawo maka ita ka mayar da salansar kamfani, ka goge barmajar, ka canja man giya, nawa zan tanada?

Usta na Sina'iyya:
Salansa da barmaja aikin kwana ɗaya ne. Abin da ba zan iya mayar maka ba shi ne kilomita dubu saba'in da bakwai da kulocin nan suka yi a tsohon mai, suna ɗauke da ƙarfin da ya wuce wanda aka yi su dominsa. Kawo ta Asabar da safe kafin rana ta yi zafi in ji ta da kunnena, kada ka ba shi ko sisi kafin nan. Ka zo da Kawu, shayinsa na wuyana.