Yaya za a rage ƙiba ba tare da ƙashi ya raunana ba?

Assalamu alaikum. Don Allah masana lafiya, ku warware mini abin da ya ɗaure mini kai.

Mahaifiyata ta daina al'ada, tana da ƙiba, gwiwoyinta na ciwo har sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Likita ya ce ta rage nauyi. Sai kuma hoton auna ƙarfin ƙashi ya nuna ƙashin ƙugunta ya fara zaizayewa.

Ga inda na cije. Nauyin jiki na sa ƙashi ya ƙara ƙwari, kuma bayan daina al'ada kitse ne ke samar da yawancin sinadarin estirojin mai kare ƙashi. Amma kitsen tumbi na haddasa kumburin da ke cin ƙashi, yana kuma riƙe bitamin D ya rage shi a jini. Ko a cikin ɓargo, ƙwayoyin da ke gina ƙashi tushensu ɗaya da na kitse. Rama da sauri kuwa takan tafi da ƙarfin ƙashi, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Shin tafiya a ƙasa ta wadatar, ko sai ta haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka? Kilo nawa ya dace ta rage a wata?