Shin Francis Ngannou ya yi kuskure da ya bar UFC?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum. Na san maganar da zan kawo ba za ta yi wa wasunku daɗi ba, musamman 'yan uwanmu na Kamaru, amma na daɗe ina juya ta a raina. A ganina Francis Ngannou ya tafka kuskure da ya bar UFC, babban kamfanin shirya faɗan keji (wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa), a watan Janairun 2023 yana riƙe da kambun ajin masu nauyi, alhali faɗa ɗaya tak ya rage masa ya shiga sahun waɗanda ba a jayayya a kansu, wato karonsa da Jon Jones, shahararren ɗan faɗan Amurka. Dana White, shugaban UFC, ya fito ya ce sun yi masa tayin da babu wani mai nauyi da ya taɓa samun irinsa a kamfanin, rahotanni kuma suka ce kuɗin ya kai kimanin dala miliyan 8, amma ya ƙi sa hannu. Mako bakwai bayan haka Jones ya shiga keji da Ciryl Gane, ya shaƙe shi cikin minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, ya ɗauki kambun da Ngannou ya ajiye. A shekara biyun da suka biyo baya Ngannou ya yi damben zamani sau biyu, duka biyun aka doke shi, faɗan keji ɗaya da ya yi kuwa da Renan Ferreira ne, mutumin da yawancinmu sai a makon faɗan muka fara jin sunansa.

Ɗan Garwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara labarin daga inda ya yi maka daɗi, ka tsallake abin da ya kai mutumin ga ficewa. Ngannou ya karɓi kambun ne a watan Maris na 2021, bayan ya kwantar da Stipe Miocic da bugun kwaf ɗaya a turmi na biyu, kuma ko wata biyar cikakku ba a yi ba kamfanin ya ƙirƙiro kambun wucin gadi ya haɗa Gane da Derrick Lewis a kansa, kamar zakaran ya ɓace ne. A Janairun 2022 ya shiga faɗa da Gane da rauni a gwiwa, Gane ya cinye turmi biyun farko, shi kuma da ya ga ƙafar ba za ta bar shi ya bi abokin karawarsa da naushi ba sai ya koma kokawa, ya riƙa kai shi ƙasa har turmi na biyar ya ƙare, alƙalai uku suka ba shi. Kuɗin da aka bayyana a hukumance cewa ya samu a daren nan dala 600,000 ne. Dana White bai ɗaura masa kambun da hannunsa ba, bai kuma zauna taron 'yan jarida ba. Idan mutum ya yi maka wannan hidima kan ƙafa ɗaya ka kasa tsayawa ka gaishe shi, da wane baki za ka ce masa ya ɗaure kansa da sabon kwantiragi yana ɗan shekara 36, ga tiyatar gwiwa a bayansa?

Bazazzagi:
Ban musa cewa an yi masa rashin kyautawa ba, ɗan uwa. Abin da nake cewa shi ne, lokacin da aka zo masa da kuɗin da ya daɗe yana nema da kuma abokin karawar da duniya ke jira, a lokacin ne ya juya baya, shi ya sa har yau akwai masu cewa tsoron Jones ya ji.

Badamagare:
Wannan maganar tsoron ita ce ta fito da ni, domin ba na iya jin ta in yi shiru. Mu da muke Nijar mun san hanyar da ya bi. Yana ɗan shekara 26 ya bar Kamaru, ya ratsa Najeriya, ya shigo ƙasarmu, ya haye Aljeriya cikin sahara, ya isa Maroko ya yi watanni yana gwada tsallaka ruwa ana mayar da shi, da ya samu ya shiga Sifen kuma aka tsare shi kimanin wata biyu, daga nan ya isa Faris yana kwana a titi. Na sha ganin motocin da ke ɗaukar irin waɗannan matafiya, kowa da jarkar ruwansa a ɗaure, ya riƙe sandar da aka kafa a gefen mota don kada ya faɗo, kuma wanda ya faɗo ba kullum ake tsayawa ɗaukarsa ba. Mutumin da ya fara haƙar yashi tun yana yaro ƙarami a Batié, ya kuma bi wannan hanya, ba za a ce minti 25 a keji, ga alƙali a tsaye ga likita a gefe, su ne suka firgita shi ba.

Sannan a duba wanda ya yi ta jan ƙafa. Jones ya yi faɗa a Fabrairun 2020, bai sake shiga keji ba sai Maris 2023, kuma a 2021, lokacin da Ngannou ke da kambun, shi ma Jones rigimar kuɗi ya yi da kamfanin. Bayan ya samu kambun sau ɗaya ya kare shi, da Miocic wanda ya haura shekara 40, a Nuwamban 2024, sannan ya sanar da ritaya a Yunin 2025 ba tare da ya fuskanci Tom Aspinall ba, wanda ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi yana jiransa da kambun wucin gadi.

Tsohon Ɗan Dambe:
Yarana, ku bar ni in sa baki, ko da yake ni ban san keji ba, filin dambe na sani. Na yi shekaru ina ɗaure hannu, na kashe an kuma kashe ni, kuma abin da ya raba ni da sana'ar karayar hannu ce a wani gidan dambe da ba zan ambaci sunansa ba. A daren gidan cike yake, an karɓi kuɗin ƙofa, makaɗa sun samu nasu, amma da gari ya waye mai gidan bai ko leƙo ni ba, 'yan kuɗin karin da masoya suka yi mini su na kai wa mai ɗori. Har yau idan sanyi ya shigo ba na iya dunƙule hannun dama sosai. Saboda haka da na ji cewa cikin abubuwan da Ngannou ya nema akwai inshorar lafiya ga dukkan 'yan faɗa, da damar kowa ya nemi mai ɗaukar nauyinsa ya sa tambarinsa a wandonsa, da kuma wakilin da zai yi magana da yawunsu a zaman shugabannin kamfanin, sai na ce wannan yaron ya san ciwon da masu kallo ba sa gani. Kai Bazazzagi kana maganar suna, ni kuwa na ga masu suna da dama waɗanda aka yi wa kiɗa gari gari, suka ƙare ba su da kuɗin magani.

Bazazzagi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, kuma ba ni da bakin da zan ja da abin da ka gani da idonka. Sai dai ka yi mini izini in tambaya: a cikin buƙatun nan wace ce ta tabbata? Ya fita, UFC ta ci gaba da harkarta kamar ba a yi shi ba, ƙananan 'yan faɗan da ya ce yana yi wa magana suna nan yadda ya bar su. Wanda ya amfana shi ne shi kansa, da miliyoyin da ya kwaso a damben zamanin da ya yi a Riyad. Ban ce laifi ba ne mutum ya nemi na kansa, amma kada a mayar mana da neman kuɗi ya zama gwagwarmayar talakawa.

Malama 'Yar Jos:
Malam, a nan ina ganin kana da rabin gaskiya, kuma zan dawo kanta, amma bari in fara da rabin da ka bari. Ƙorafinsa ba ƙirƙira ba ne. Tsofaffin 'yan faɗa sun kai UFC kotu a Amurka suna zargin kamfanin da danne albashi ta hanyar kwantiragin da ke hana mutum motsi, takardun shari'ar suka nuna cewa rabon 'yan faɗa bai wuce kimanin kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga ba, a ƙarshe kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 375, alƙali ya tabbatar da sulhun a farkon 2025. Shi kuma da ya sa hannu da PFL, wani kamfanin faɗan keji mai gogayya da UFC, a Mayun 2023, ya sa sharaɗin cewa duk wanda zai kara da shi sai an ba shi aƙalla dala miliyan 2, abin da ban taɓa jin wani zakara ya nema wa abokin gabarsa ba.

Inda nake tare da kai shi ne batun PFL Afirka, gasar da kamfanin ya kafa a nahiyarmu. An naɗa shi shugabanta, an yi ta tallar gasar da sunansa, amma da aka yi wasan farko a Cape Town a Yulin 2025 bai halarta ba, har shugabannin kamfanin suka nuna rashin jin daɗinsu a fili. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, domin samarin da suka shiga kejin nan a daren su ne ainihin mutanen da ya ce yana so ya buɗe wa ƙofa, kuma zamansa a gefen keji kaɗai da ya jawo musu idon duniya.

Ɗan Garwa:
Na karɓi wannan, Malama, mu ma a nan mun yi ƙorafi a kai. Amma batun an doke shi sau biyu da Malam ya faɗa a farko, ina so a bambanta. A daren 28 ga Oktoban 2023 ina gidan kallo, janareta na ruri, wurin ya cika har wasu suna leƙe ta taga, kuma rabin mutanen addu'arsu kawai kada a kunyata shi a turmin farko, domin bai taɓa yin damben zamani a matsayin sana'a ba, ga Tyson Fury zakaran duniya wanda ba a taɓa dokewa ba. A turmi na uku da hagun nan ta sauka Fury ya zube, wani dattijo da ke gabana ya miƙe ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bai iya cewa komai ba, benci ya kife, mai shayi ya baro tukunyarsa ya shigo. An cika turmi goma, alƙali ɗaya ya ba Ngannou 95 da 94, biyu suka ba Fury 96 da 93 da kuma 95 da 94. Da yana cikin kwantiragin UFC da wannan daren bai faru ba, domin hana shi damben zamani na cikin manyan abubuwan da suka raba su. Na Anthony Joshua kuwa, a Maris 2024, ba ni da abin karewa, an kai shi ƙasa sau uku, na ƙarshen ya kwanta bai san inda yake ba, kuma ni ma a ganina ya yi gaggawar karɓar faɗan.

Tsohon Ɗan Dambe:
Wannan bugun na Joshua shi ne abin da ya tsaya mini a rai, domin na san mutum ba ya tashi daga irinsa yadda ya kwanta. Ga shi bayan 'yan makonni Allah ya yi wa ɗansa Kobe rasuwa yana ɗan wata 15. Da aka ce zai koma keji a Oktoban shekarar na yi zaton ba zai iya ba, sai ga shi ya kayar da Ferreira ya gama da shi tun a turmin farko, ya tsaya yana kuka yana ambaton yaron. Ku da kuke lissafin nasara da faɗuwa, ku sa wannan a cikin lissafin.

Bazazzagi:
Allah ya jiƙan yaron, ya ba iyayensa haƙuri. Na janye maganar tsoro, Badamagare ya gamsar da ni a kanta, kuma na yarda cewa ta fuskar kuɗi da 'yancin kai bai yi asara ba. Amma ban sauka daga kan matsayina na farko ba. A 2021 Afirka na da kambu uku a UFC lokaci guda, Kamaru Usman da Israel Adesanya da shi, kuma shi kaɗai ne cikinsu ya rabu da nasa ba tare da an doke shi ba, wanda hakan ke nufin tambayar ko shi ko Jones za ta zauna babu amsa. Ni na yi imanin da sun haɗu a 2023 da ya kwantar da Jones, shi ya sa abin yake damuna, domin yana da damar ya nuna haka a gaban kowa ya bar ta ta wuce.

Badamagare:
To a nan muka rabu, Malam, domin ni ban tabbata da ya ci ba. Miocic ya nuna a Janairun 2018 cewa mai kokawa da haƙuri zai iya gajiyar da shi har turmi biyar, kuma Jones ya fi Miocic iya kokawa, ga shi gwiwar ba ta daɗe da fita tiyata ba. Da ya sa hannu a kan faɗa da yawa, Jones ya danne shi a faɗan farko, da ba shi da kambu, ba shi da faɗan Fury, kuma kamfanin ne zai riƙa zaɓa masa wanda zai kara da shi da abin da za a biya shi har ƙarfinsa ya ƙare.