Zama da maɗaukin kanwa: in tashi daga layin ko in zauna?

Saratu: Salama gare ku. Shekarata huɗu ina sayar da hatsi a kasuwa. Wasu maƙwabtana a layinmu mudu biyu gare su, na saye daban, na sayarwa daban, wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ni ban taɓa yin haka ba. Amma watan jiya na kama kaina ina zuba tsohon wake mai ƙwari a ƙasan buhu, sabo a sama, ko rawa hannuna bai yi ba. Da na faɗa wa shugabar Zumuntar Mata ta majami'armu, sai ta ce, "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Tun ranar na kasa sukuni. Nufinta in bar layin? Da rumfar nan nake biyan kuɗin makarantar yarana.

Baba Istifanus: 'Yata, gaskiya ta faɗa miki. Wanda ya taɓa ganin ana sauke buhunan kanwa ya san ba sai ka taɓa ba, ƙurar da kanta take sauka a kanka, kai ba ka sani ba sai wani ya nuna maka. Abin da Bulus ya gargaɗi Korantiyawa a kai ke nan, 1 Korantiyawa 15:33, cewa zama da miyagu yana ɓata halin kirki. In da hali, ki nemi wani layin.

Ayuba: Baba, a gafarce ni, ni ba haka na fahimce ta ba. Kanwa ai ba ƙazanta ba ce, da ita ake kunu, ita ake ba dabbobi su lasa. Karin maganar cewa kawai take yi wanda kake zama da shi yana shafa maka halinsa, mai kyau ko marar kyau. To me zai hana su su kwashi nata? Yesu ya sauka a gidan Zakka, wani shugaban masu karɓar haraji a Yariko, mutane suna ta gunaguni cewa ya sauka gidan mai zunubi, amma Zakka ne ya tashi ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu.

Baba Istifanus: Ɗana, na ji ka, amma ban taɓa jin an yi wa mutum wannan karin magana don yabo ba. Kullum jan kunne ce. Kuma Saratu da bakinta ta ce ƙurar ta riga ta hau ta.

Mama Rifkatu: Ku duka biyu kuna ta maganar inda za ta zauna, kun bar waken. Kiran da ke cikin 1 Bitrus 1:16, cewa mu zama masu tsarki domin Allah mai tsarki ne, daga Littafin Firistoci Bitrus ya ɗauko shi. Ku buɗe sura 19 ku ga abin da ya biyo bayan kiran: a bar wa matalauci da baƙo kala a gona, kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka, ma'auni da mudu su zama na gaskiya. Duk a gona ne da kasuwa. Na yi shekaru ina sayar da manja, ban ga layin da babu mai algus ba. Saratu, ko ina kika koma za ki tarar da su. Kin san wanda ya sayi buhun nan?

Saratu: Na san ta, Mama. Mai ƙosai ce, kusan kowane mako tana zuwa wurina.

Mama Rifkatu: To kafin maganar tashi, ki kira ta ki faɗa mata abin da kika yi, ki cika mata wakenta. Akwai nauyi, na sani. Mudunki kuma ki ajiye shi a fili, da shi za ki saya, da shi za ki sayar.

Saratu: Ranar Laraba take zuwa. Ku sa ni a addu'a, don ban san da wane baki zan fara mata magana ba.