Gashin ƙaramar kabewar Amurka: zafi nawa, kuma yaushe ake sa sukari?

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Tambayata a kan ƙaramar kabewar nan ce mai koren baya da tsagi-tsagi, wadda Amurkawa ke kira acorn squash, suke gasawa da kaka su ci da nama. Wane zafi ake ba obin, kuma minti nawa? An ce in aka sa sukari tun farko ƙonewa yake yi ya yi ɗaci. Sannan kabewarmu ta miyar taushe za ta yi?

Anti Bilki, Kawo:
Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Fara da zaɓe: ki ɗauki mai nauyi a hannu, wadda bayanta ya dushe. Mai sheƙi ɗanya aka cire ta, ba zaƙi. In kuma ta rine gaba ɗaya ta koma ruwan lemo, ta tsufa, cikinta zai yi zare-zare.

Ki raba ta biyu daga wajen hanci zuwa ƙasa, ki kwashe 'ya'yan da cokali, ki ɗan tsattsaga naman da bakin wuƙa amma kada ki huda ɓawon. Shafa mai da ɗan gishiri, ki kifa su a faranti. Obin ya riga ya yi zafi, digiri 200, wato lamba 6 a obin ɗin gas. Minti 30 a kife. Kifawar ce sirrin: tururinta ne ke dafa ta daga ciki, fuskar da ke kan faranti kuma ta yi ja.

Daga nan ki juyo su, kowane rabi ki sa cokali ɗaya na man shanu, cokali ɗaya na sukari mai ruwan ƙasa, da ɗan garin kirfa. Ki mayar minti 15 zuwa 20. Rabin lokacin ki ɗebo romon da ya taru a ramin ki shafe gefe-gefe, don nan ne ke bushewa. In cokali mai yatsu ya shige ba gardama, ta yi. Guda ɗaya ta ishi mutum biyu.

Malam Sani mai gashi, Tudun Wada:
Hajiya, bayanin Anti ya cika, sai dai in ƙara biyu. Mazarƙwaila ta fi farin sukari dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba. A goge ta a abin goga kuɓewa. Zuma kuwa ta fi saurin ƙonewa, sai a minti 10 na ƙarshe. Kuma kada a bar gishirin, in babu shi zaƙin salam yake fitowa.

Masu zuba ruwa a farantin su yi hattara. Cokali uku ko huɗu ya isa. In ya yi yawa dafuwa za ta yi ba gashi ba, naman ya yi laɓo-laɓo.

Hajiya Ladi, Kakuri:
Batun kabewarmu: za ta yi, amma ba hanya ɗaya ba. Tamu babba ce, ga ruwa, ba a raba ta biyu a gasa. Yanka ta ake yi tsaye-tsaye kamar kankana, kaurin yatsu biyu, a jera a faranti kada su taɓa juna. In aka cunkusa su, ruwan ba ya samun hanyar fita. Minti 20 a juya, a barbaɗa mazarƙwailar, a ƙara 15. Ki nemi wadda cikinta ya yi ja sosai. Masu yankawa a kasuwa suna nuna ciki, ki duba kafin ki biya.

Wadda ba ta da obin, ko aka ɗauke wuta, ta yi irin na kek: yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a bari ya ɗau zafi, a ɗora farantin a kan ƙarfe ko duwatsu uku, a rufe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Zai kai awa ɗaya, kuma kada a yawaita buɗewa.

'Ya'yan ma ba a zubarwa. A wanke, a shanya su bushe, a soya sama-sama da gishiri da ɗan yaji.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Ɓawon fa, ana ci?

Anti Bilki:
Na acorn ɗin in ya gasu yakan yi laushi, ana ci. Na tamu a kankare naman da cokali a bar shi.