Neman kalma: me za mu kira "bus" da "pin" a jikin aisin rawuta?

'Yan uwa, wannan tambaya ce ga masu koyar da lantarki da masu fassara takardar bayanin aisi, wato ɗan ƙaramin guntun lantarkin nan (IC) da ake liƙawa a allon na'ura. Aisin da ke sarrafa bayanan intanet a cikin rawuta, na'urar da ke raba intanet, yana magana da maƙwabtansa ta wasu layukan tagulla da ake kira "bus". Wasu na rubuta "bas", ni kuwa ban yarda ba. Duk wanda ya ji bas, mota zai hango tana ɗaukar kaya daga nan zuwa can, alhali wannan abu ba ya motsi. Hanya ce shimfiɗaɗɗa da na'urori da yawa ke tarayya a kanta. Shawarata mu ce gwadabe.

A gwada kalmar a kan PCI, wani tsarin "bus" na kwamfuta wanda Intel ta fito da shi a 1992. Layuka 32 ne ke ɗaukar adireshi da bayanai, kuma layukan nan ɗaya ne: a bugun farko na layin da ke daidaita lokaci adireshi ya hau, a bugun da ke biye bayanai su biyo sawu. Tun da kowa na kan layi ɗaya, ba dama biyu su yi magana tare. Idan wannan ya tura wuta sama, wancan ya ja ta ƙasa a lokaci guda, saƙo ya dagule, ƙafafun aisin ma su ɗau zafi. Shi ya sa kowace na'ura mai son jan ragama take da ƙafa biyu nata na kanta, REQ# ta neman izini da GNT# ta karɓar izini, akwai kuma wani sashe da ke raba musu lokaci. Wannan sashe sunansa ya zo da kansa, mai ba da hannu. Da bas muka ɗauka, da ba mu sami wurin ajiye shi ba.

Ita "pin", wato ɗan ƙarfen da ke fitowa daga jikin aisi, ba ta da gardama sosai. Masu gyaran rediyo da waya sun riga mu, ƙafa suke cewa, kuma daidai ne. Wani malami ya kawo fil. Malam, Allah ya ƙara sani, amma fil yana sa mutum tunanin tsini, mu kuwa aikin ƙafar muke son bayyanawa: ƙafar shiga, ƙafar fita, ƙafa mai shiga da fita, ƙafar wuta, ƙafar ƙasa. Ɗigon da ke kusurwar aisi shi ke nuna ƙafa ta ɗaya.

Kada a ce agogo ga "clock". Ba ya gaya wa kowa ƙarfe nawa, bugu yake yi don kowa ya ɗauki saƙo a lokaci guda. Mu ce layin bugu. Na PCI na asali bugu miliyan 33 ne a sakan. Na MII, wanda ke haɗa aisin da sashen da ke tura saƙo cikin wayar Ethernet, miliyan 25 ne, kowane bugu da bit 4, ka ga an tashi da megabit 100 a sakan ke nan.

Alamar # da ke bayan suna ita ce ta fi ruɗa ɗalibai. Ma'anarta ƙafar tana aiki ne idan wutarta ta sauka ƙasa. RST# na zaune a sama lafiya lau, sai an ja ta ƙasa na'ura ke komawa farko. Na ce mu kira irinta mai aiki a ƙasa.

Inda na fi daɗewa shi ne hali na uku, lokacin da aisi ba ya tura layi sama, ba ya jan sa ƙasa, ya bar wa wani. Wata 'yar uwa ta ce ɗaga ƙafa, kuma wallahi ta burge ni, saboda abin da muke cewa ke nan idan an sassauta wa mutum. Matsalar ita ce mai gyara ma yakan ɗaga ƙafar aisi da ƙarfen dalma don ya gwada ta, sai magana biyu su haɗu a bakin mutum ɗaya. Saboda haka na tsaya a kan sakin layi: aisi ya saki layi.

Gwadabe fa ba ta shiga ko'ina. PCI Express, da ta zo a 2003, kowace na'ura da nata layin ita kaɗai, babu tarayya, don haka layin kai tsaye ya fi dacewa da ita. MDIO kuwa, layin da aisin ke saita sashen Ethernet ɗin nan da shi, mai waya biyu da adireshi har 32, gwadabe ce sosai, haka ma I2C, wata hanya mai waya biyu ta kamfanin Philips.

Saura aisi irin BGA, wanda ƙwallayen dalma ne jere a ƙarƙashinsa maimakon ƙafafu. Ni dai zan bar su a ƙafa, tun da aikin bai canza ba. Masu gyara, ku da kuke narka su kullum, me kuke kiransu?