Neman shawara: zargin almundahana a kuɗin fansho da fargabar mahaifina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana mu sukuni a gida. Mahaifina tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma da kuɗin fansho yake riƙe kansa da mahaifiyarmu. A 'yan kwanakin nan muhawara ta yi zafi tsakanin 'yan siyasa: masu riƙe da mulki suna cewa jerin sunayen 'yan fansho cike yake da matattu da sunayen bogi, don haka dole a sake tantance kowa, su kuwa 'yan adawa suna cewa an kambama zargin ne kawai domin a sami hujjar rage abin da ake biyan tsofaffi. Baba ya shiga damuwa ƙwarai, har ya ce ba zai je tantancewar ba, domin yana ganin tarko ne na cire sunansa. Ta yaya mutum zai gane ko irin wannan zargi gaskiya ne? Kuma me zan faɗa wa Baba? Ni ce babbar 'yarsa, kuma ni yake jira in kawo masa magana.

Amsa daga wani tsohon mai binciken kuɗi:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da zan fara jan hankalinki a kai shi ne, 'yan siyasa sukan haɗa abubuwa uku daban-daban su kira su da suna ɗaya, alhali mai bincike ba ya haɗa su. Akwai sunan mamaci da ya rage a rajista saboda ba a rubuta rasuwarsa ba, akwai kuɗin da aka biya bisa kuskuren lissafi, sannan akwai sata da gangan. Kasancewar suna a rajista ba ya nufin ana tura wa mai sunan kuɗi, kuma a nan ne yawancin ruɗanin yake.

Abin da ya faru a Amurka a farkon 2025 ya isa misali. Attajirin nan Elon Musk ya ce akwai masu shekara 150 da ke karɓar fansho, Shugaba Donald Trump kuma ya maimaita irin wannan magana a gaban majalisa a watan Maris. To amma babban sufeton hukumar fanshon ƙasar ya riga ya duba batun a 2023, inda ya gano mutum miliyan 18.9 da aka haifa a 1920 ko kafin nan waɗanda ba a rubuta rasuwarsu ba, kuma kusan 44,000 ne kawai daga cikinsu ake biya. Ban da haka, tun 2015 hukumar take tsayar da biyan duk wanda shekarunsa suka kai 115. Wani rahoton na 2024 ya nuna an biya kusan dala biliyan 72 ba bisa ƙa'ida ba tsakanin 2015 da 2022, adadin da yake da girma a kunne, amma bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka biya a wannan lokaci ba, kuma ba duka ne sata ba. Saboda haka duk lokacin da kika ji ɗan siyasa ya ambaci adadi, ki tambayi wanda ya yi binciken, ki tambaya ko an wallafa rahoton, ko sunaye aka ƙirga ko kuɗin da ya fita, da kuma ko an gurfanar da wani a kotu. Zargin da ba zai iya amsa waɗannan ba, ni ba na gina hukunci a kansa.

Amsa daga wani lauya:

Na yarda da Malam a kan hanyar bincike, sai dai ina tsoron kada Malama ta fahimci cewa satar kuɗin fansho tatsuniya ce. Tana faruwa, kuma kotuna sun tabbatar da ita. A Najeriya, Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa alhakin gyara harkar fansho, shi ne Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke wa ɗaurin shekara takwas a Nuwamban 2021 bisa halatta kuɗin haram kimanin naira biliyan 2. Kafin nan, a 2013, an sami John Yakubu Yusufu da laifi a badaƙalar fanshon 'yan sanda, aka ba shi zaɓin biyan tarar naira 750,000, hukuncin da ya fusata jama'a har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da shi ɗaurin shekara shida da tarar kusan naira biliyan 23 a 2018. Abin da nake so a lura da shi shi ne waɗanda suka ci kuɗin. Jami'ai ne da ke da hannu a rajista da asusu, waɗanda za su iya cusa suna su kuma sa hannu a fitar da kuɗi. Tsohon da ke jiran ƙarar saƙon banki a ƙarshen wata ba shi da wannan iko. Abin da ke ɓata mini rai a irin wannan muhawara shi ne, ana magana kamar tsofaffin ne abin zargi, sannan wahalar layi da tafiya ta faɗa kansu, su kuwa masu biro a hannu ba kasafai ake ambatarsu ba.

Amsa daga wata malamar makaranta mai ritaya:

'Yata, ni 'yar fansho ce, don haka bari in yi magana a kan Babanki kai tsaye. Ki lallashe shi ya je tantancewar, domin a mafi yawan tsare-tsare wanda bai bayyana ba shi ake fara dakatarwa, kuma maido da suna bayan an cire shi ya fi tantancewar wahala nesa ba kusa ba. Ki taya shi haɗa takardar kama aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta ajiye aiki, katin shaida da bayanin asusun banki, ki ɗauki hotonsu ki adana, kuma ki tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kowace takarda, domin bambancin harafi ɗaya yakan riƙe kuɗin mutum wata da watanni. Idan jikinsa ba zai ɗauki tafiya ba, ki rubuta wa hukumar ki nemi tsarin da aka tanadar wa marasa lafiya, ki kuma karɓi shaidar cewa sun karɓi wasiƙar. Sannan ki gargaɗe shi a kan 'yan damfara, domin a irin wannan lokaci ne suke kiran tsofaffi da sunan hukuma suna neman lambar sirri ko kuɗin gaggauta biya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Mama. Akwai wani abokin Baba da ya rasu bara, kuma iyalinsa ba su sanar ba, kuɗi yana ta shiga. Sun nemi ra'ayina, ban san abin da zan ce musu ba.

Lauyan ya sake amsawa:

Malama, ki gaya musu su daina taɓa kuɗin, su kai takardar shaidar rasuwa ga hukumar da bankin ba tare da jinkiri ba. Abin da ya shiga bayan rasuwa ana iya neman a mayar da shi, kuma ci gaba da cirewa da sani laifi ne da kan kai mutum kotu. A Japan a 2010 an gurfanar da iyalin wani mutum da aka ɗauka yana da shekara 111, bayan an gano ya rasu kimanin shekara talatin da suka wuce suna karɓar kuɗin fansho da sunansa. Idan mamacin yana bin bashin fansho ko garatuti, ko kuma dokar wurin ta tanadi wani haƙƙi ga matarsa da 'ya'yansa, to su nema a rubuce da takardun gado, kuma ƙungiyar 'yan fansho ta yankinsu za ta iya nuna musu ofishin da za su fara zuwa.