Masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa sun san akwai hunturu kuwa?

Ɗan Reluwe, Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Na san masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na wasa a Zariya ba mu cika yatsun hannu ba, amma dai ga abin da ke cina.

A kwatas ɗin reluwe aka haife ni. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ke juya layi idan jirgin Kano zai miƙe ko na Ƙaura zai karkata ta Funtuwa, don haka kukan jirgi shi ne agogon gidanmu. Da na yi ritaya sai na ware ɗakin da ke jikin zaure, kafinta ya haɗa mini teburin filawud ƙafa takwas da huɗu, na shimfiɗa ɗan layin dogo a kai. Ma'aunin OO ne, wato an rage jirgi sau 76, faɗin dogon kuma milimita 16.5. Ba ni na zaɓa ba, ƙanena da ke Ingila ne ya fara aiko mini, can kuwa shi ne ruwan dare.

Kan jirgi biyu gare ni. Na farko ɗan gwanjo ne, na tabbata ya girmi babban ɗana. Gurnani yake kamar injin markaɗe, ado kuma babu, duk bututun jikinsa zane ne a kan roba. Amma noti ɗaya za ka kwance gangar ta ɗago, ka ga komai a fili. Shekara shida ke nan, ban da ɗigon mai da goge ƙafafu ban taɓa yi masa komai ba.

Na biyun sabo ne dal. Kuɗin da na kashe har ya iso hannuna, ban faɗa wa uwargida gaskiyarsa ba har yau. Kyau kam ba a magana: fitila gaba da baya, haske a ɗakin direba, magogin gilashi, ga sauti, ka danna ya yi ham kamar na gaske. Ranar farko ina zaro shi daga kwali mariƙin ƙofa ya ɓalle, abu bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ni da jikata muka yi ta rarrafe da tocila, sai a gefen tabarma muka tsinto shi. Na liƙa da gam, hannu na rawa, ya zauna a karkace.

Wannan duk mai sauƙi ne. Hunturu na shigowa da ƙurarsa ya fara tsayawa a duk mahaɗar layi. Ya tsaya, sauti ya ɗauke, sai ya soma daga farko kamar yanzu aka tayar da inji. Tsohon kuwa ya bi ta wurin bai ko yi tari ba. Daga baya na fara jin ƙyas-ƙyas duk juyin ƙafa. Da ƙyar na buɗe, ashe 'yar giyar roba mai haƙora ce ta tsage a kan gatari. Na rubuta wa kamfanin sau biyu, amsar ita ce kayan sun ƙare, sai in an sake buga irinsa. Wata bakwai ke nan yana kan kanta yana yi mini ado.

To tambayata: ku me kuke nema a wajen masu ƙera abubuwan nan? Ni dai buƙatata jirgi ya iya tafiyar hawainiya, irin shigowar jirgin kaya tashar Zariya, ba tare da na zungure shi da yatsa ba, in kuma ya lalace in sami abin gyara. Sannan har yau ban ga wanda ya ƙera namu mai kore da ruwan ɗorawa ba. Ko ni ne tsufa ya hana in gane ci gaba?

Injiniyan Samaru:

Wa alaikumus salam. Baba, a yi mini afuwa, zan ɗan kare sabon. Tsohon naku wuta ce kai tsaye, a ƙara ya ƙara gudu, a rage ya rage, ga nauyi, shi ya sa yake tsallake datti. Sabon kuwa tsarin DCC ne, akwai 'yar kwamfuta a cikinsa da ake kira dikoda, ita ke karɓar umarni ta cikin dogon. Wuta ta yanke ko na ƙiftawar ido ne, sai ta manta inda take. Amfanin tsarin shi ne za ku iya tuƙa jirgi uku a layi ɗaya, kowa da gudunsa, abin da tsohon ba zai taɓa yi ba.

Maganin tsayawar sananne ne, ana saka kafasita mai riƙe wuta na ɗan lokaci har jirgi ya haye wurin. Abin da ke ba ni haushi shi ne abu ne mai arha, amma da yawa ba sa sakawa tun daga masana'anta, wasu ko gurbinsa ba sa bari. Ni shi zan fara roƙa, sai kuma kowace ƙafa ta riƙa ɗaukar wuta. Su kuma daidaita bakinsu a kan soket ɗin dikoda, yau mai ƙafa 8, gobe mai 21, jibi Next18, mutum ya yi odar dikoda ya jira wata biyu ta zo ba ta shiga.

Maganar jirgin Najeriya kuwa, ban sa rai ba. Sassaƙa ƙarfen da ake zuba roba a ciki shi ne tsadar, sai an tabbatar da dubban masu saye. Ga wata matsalar: tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, ba kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai 1,435 ba. A ma'aunin HO, mai ragi sau 87, namu zai faɗo wajen milimita 12. Mutanen Niyu Zilan da ke da irin layinmu dabara suka yi, suna gina jirgi a ragi sau 64 su ɗora a dogon 16.5, lissafi ya fita kusan daidai. Wato Baba, dogon da ke teburinku ya isa, gangar jiki ce babu. Ita kuma injin ɗab'i mai fitar da siffa, wato firintar 3D, yana iya bugawa. Da kamfanoni za su riƙa sayar da ƙasan jirgi zalla, inji da ƙafafu, da mun yi sauran da kanmu. Ni burina ma ƙaramin layin nan na kuza da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne, a ragin HO dogon ma'aunin N mai milimita 9 zai wakilce shi tsaf.

Mai Agogo:

Alhaji, sannu da haƙuri. Ni ba ni da jirgi ko ɗaya, agogo da rediyo nake gyarawa a kasuwa, amma an kawo mini irin waɗannan sau huɗu, don an ga ina da hantsaki da madubin ido.

Yaron nan ya yi bayani mai kyau, sai dai ni ta baya nake sanin mutuncin kamfani. In juya abu in ga noti, na san mai shi ya yi niyyar a buɗe. In na ga 'yan haƙoran roba da ke maƙale da juna, sai ka cusa kati huɗu a gefe kana addu'a, na san bai yi niyyar mu sake haɗuwa ba. Na ƙarshen da aka kawo mini, minti arba'in na yi ina neman ta inda zan shiga, gyaran kansa bai kai minti biyar ba: giris ne ya bushe ya zama kamar ƙanzo, ga ƙura da gashin kyanwa sun naɗe gatari. Sifirit da auduga, sai ɗigon man agogo a tsinin allura, ya tashi.

Giyar ku kuwa, roba ce aka danna da ƙarfi a kan ƙarfe. Roba na tsukewa da shekaru, ƙarfe ba ya tsukewa, dole ɗaya ya ba da kai. Da sun sa 'yan safaya biyu a kwalin, nawa zai ci musu? Akwai kuma wanda na gani ƙarfen ƙasansa ya kumbura ya tsattsage kamar busasshiyar laka, wannan gurɓataccen haɗin tutiya ne tun wajen zubi, ba shi da magani. Zoben danƙon da suke sa wa ƙafa don ta kama dogo ma, zafin bazararmu a ɗakin kwano ba ya barinsa.

Ku kawo mini shi ranar da kuka shigo kasuwa. Ban yi alkawari ba, amma ina da gwangwanin giyoyi na tsofaffin rikoda da firinta, a ƙirga haƙora a gani.

Malama Tudun Wada:

Ku gafarce ni iyayena, ni ta wata ƙofar zan shigo. Ɗana mai shekara tara ya ga abin nan a waya ya hana ni sakat, har ƙanwata ta taho masa da ƙaramin saiti na ma'aunin N, ƙirar Kato ta Japan. Abin da ya burge ni dogon ne, haɗe yake da gindinsa, a danna ya shige, a kan teburin cin abinci muke shimfiɗawa mu naɗe kafin magariba. Mu masu ɗaki biyu ina muka ga ɗakin da za mu bai wa jirgi? (Baba, ina jinjina wa Hajiya da ta bar muku na jikin zaure.)

Da za su ji ta tawa, su bar mana wanda hannun yaro zai ɗauka bai karye ba. In duk abin da ake yi na dattijo ne mai kuɗin fansho da kabad ɗin gilashi, nan da shekara ashirin wa zai saya? Sannan don Allah a rubuta ƙarfin wuta da manyan baƙi a bayan kwali. Maƙwabcinmu an kawo masa daga Amurka, taransifomar ta 120 ce, ya soka a tamu mai 230. Hayaƙin da ya gani shi ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Jikan Direba, Muciya:

Kakana ne ya ce in rubuta, na karanta masa duka, ga abin da ya ce.

Ya ce a gaida Ɗan Reluwe, in dai ɗan mai juya layi ne a tashar nan to ɗansa ne. Ya ce shi da shebur ya fara, yana zuba kwal ɗin Inugu a cikin injunan nan masu sunayen koguna da aka fara kawowa daga Birtaniya a 1948, masu ƙananan ƙafa biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, biyu a baya, kafin ya koma dizal. Na nuna masa bidiyon wani ƙaramin mai sauti, ya kasa kunne ya ce ƙarya yake yi. Inji mai silinda biyu huci huɗu yake a kowane juyin babbar ƙafa, wannan kuwa bakinsa daban ƙafarsa daban. Ya ce kuma jirgi mai kaya ba ya zabura kamar ɗan acaɓa. Sai ka ji ƙugiyoyi na miƙewa ɗaya bayan ɗaya tun daga kai har wutsiya, kafin taragon ƙarshe ya san an tashi.

Ya ce kowa kan jirgi yake yabo, alhali abincin reluwe a tarago yake: buhunan gyaɗa daga Kano, dilar auduga daga Funtuwa da Gusau, shanu zuwa Ikko. A ƙera masa taragon shanu, kuma kada a wanke shi, don shi bai taɓa ganin mai tsabta ba.

Ɗan Reluwe, Sabon Gari:

Baba, ina gaisuwa, Allah Ya ƙara lafiya. Zan zo har gida da hoton mahaifinmu ku gani ko kun shaida shi. Maganar ƙugiyoyin nan ta sa na tashi na haɗa tarago tara a bayan tsohon, na murɗa wuta kaɗan-kaɗan ina saurare. Ya ɗan yi, sai dai a na huɗu ya fizga.

Injiniya, na karɓi maganarka rabi. Ka zo da kafasitar mu gwada, amma ka sani jirgi uku a layi ɗaya ba damuwar mai jirgi ɗaya da rabi ba ce. Abin da ya fi kama ni zancen ragi sau 64 ɗin nan. Ina da tsofaffin hotunan tasha a cikin akwatin mahaifinmu, akwai wanda taragon shanu ya fito sosai ta gefe, mutum na tsaye a jikinsa, za a iya kwatanta tsayi. Da katakon kwalin shayi da tsinken tsire ma sai in fara, ba sai na jira injinka ba.

Malama, Hajiya ba barin ɗakin ta yi ba, aro ta ba ni, buhunan masararta na ƙarƙashin teburin. Ki turo yaron ranar Asabar bayan Islamiyya, tsohon zan ba shi ya tuƙa.

Mai Agogo, na ƙirga, haƙora goma sha huɗu ne. Ina tafe Litinin bayan azahar.